Abin da Ke Cikin Hular Iliyasu

A duk tashar 'yan kilando da ke bakin babbar kasuwar Garwa, wato masu ɗaukar fasinja a babur, Iliyasu kaɗai ke da hular kwano mai rufe fuska ruf har haɓa, da baƙin gilashi a gaba. Sauran kuwa, wanda ya fi kowa tsoron jandarma shi ne mai rataye wata fasasshiyar kask, 'yar hular kwano marar rufin fuska, a hannun babur, ya kifa ta a ka idan ya hango shinge, ya cire da zarar ya wuce. Wa zai kulle kansa cikin tukunya a garin da kwalta ke laushi da rana? Iliyasu ya kulle. Ya sayi tasa a hannun wani direban tirela da ya sauko daga Kuseri ana dab da ganin watan azumi, kuma tun daga ranar babu wanda ya ƙara ganin bakinsa tsakanin hantsi da magariba.

Sunan da aka yi masa baftisma da shi Philippe ne. A kan dutse aka haife shi, can bayan Makolo, inda ake jera duwatsu a tare ƙasa kafin a sami wurin shuka dawa. Ya sauko Garwa gashin baki bai gama fito masa ba, ya faɗa mayanka yana wanke tumbi da kayan ciki. A nan Alhaji Wada ya gan shi. Alhaji Wada babban mahauci ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda idan ya kalli sa sau ɗaya ya san naman da zai bayar. Shi ya ɗora Philippe a kan babur don ya riƙa kai nama rumfuna da safe, sauran yinin ya ɗauki fasinja. Shi ne kuma ya raka shi wurin Malam Abdulhalim ranar da ya karɓi kalmar shahada, ya fito da suna Iliyasu. Ba a daɗe ba ya ba shi 'yarsa Saudatu.

Don Allah ya musulunta, ko don yarinyar da ke kawo wa ubanta abinci rumfa? Babu wanda ya taɓa tambayarsa baki da baki. Shi ma ya daina tambayar kansa, ba don ya sami amsa ba, sai don ya sami abin da ya fi amsa sauƙi: sahun gaba a masallaci, azumin Litinin da Alhamis, Sitta Shawwal tun kafin a gama cin tuwon salla. Wanda aka haifa cikin addini idan ya makara sallar asuba, sai a ce barci ne ya sace shi. Iliyasu idan ya makara, kallon juna ake yi. Ya ga wannan kallon sau ɗaya, shekarun baya, ya rantse a ransa ba zai sake ganinsa ba.

Mutum guda ne ke da lasisin tsokanarsa, shi ne Munir, ƙanin Saudatu, wanda shi ma kilando yake yi a tasha ɗaya da shi. Ƙanin mata abokin wasa ne, duk abin da ya faɗa ba a fushi.

"Filib!" Haka yake kiransa tun daga nesa. "Jiya Lahadi na ji ana ta buga ƙararrawa a coci. Na ce wayyo, mijin Yaya suke nema."

"Kai suka nema, su yi maka addu'ar hankali," in ji Iliyasu. A yi dariya, shi ma ya yi. Sai dai tasa takan riga ta kowa ƙarewa.

Ciwon ya fara ne da rani, wani irin suka a kwiɓi kamar an soka tsinken tsire an murɗa. Fitsarinsa ya koma kalar shayi. Da Saudatu ta matsa, ya je asibiti, aka haska cikinsa. Likitar, wata mace mai gilashi da ake kira Dokta Diane, ta juyo masa da hoton duk da ba abin da zai gane a ciki.

"Ƙodarka ta hagu ta riga ta mutu, tsakuwa ta toshe ta tun tuni," ta ce. "Saura ta dama, ita ma ta gaji. Maganinta ruwa. Ka sha da safe, ka sha da rana, ka sha ko ba ka jin ƙishi. Wace sana'a kake yi?"

"Kilando."

Ta cire gilashin ta dube shi. "A wannan ranar? Kuma ga azuminku ya matso. Ka saurare ni da kyau. Idan ka yini a kan babur babu ruwa, wata rana za a kawo mini kai a kwance, kuma ba ni da ƙoda ta uku da zan ba ka."

A gida Saudatu ta ce abin ai mai sauƙi ne. "Baban Nazira, ka je wurin Malam Abdulhalim mana. Marar lafiya an ɗauke masa azumi, ko yaro ya san wannan."

"Na sani. Ni ma na karanta."

"To?"

"Malam zai ce ya halatta. Tasha fa, me za ta ce?" Ya dube ta. "Saude, idan Munir ya sha ruwa da rana, za a ce Allah ya ba shi lafiya. Idan ni na sha, za a ce dama."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Ta san abin da ke bin bayan wannan *dama*.

Dabarar ta Saudatu ce. Ta sayo ledar ƙarin ruwa irin ta asibiti da siririyar robarta, ta zubar da ruwan magani, ta wanke tas. Kullum da asuba sai ta cika ta da ruwan randa, ta ɗaure masa a ciki da tsohon ɗankwali, ya ɗora riga, ya ɗora jile, 'yar shara ta aiki mai lamba. Robar ta bi ƙirjinsa ta hau wuya, ta shige ƙarƙashin hular, inda Saudatu ta ɗinke bakinta a jikin soson haɓa da koren zare. Sai ya ɗan turo leɓe kawai ya zuƙa. Yana iya shan ruwa a tsakiyar kasuwa, da liman a bayansa, ba wanda ya sani. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: kada kowa a gidansu ya ji. Ta ce to.

Kwanakin farko abin ya tafi lafiya. Abin da su biyun ba su yi tunani ba shi ne, ruwa ba ya shiga jiki ya yi shiru.

Mai azumi a Garwa tofar da yawu yake yi. Ƙarƙashin dalbejiyar tasha, kafin azahar ƙasa duk ta yi ɗigo-ɗigo, kowa na juya kai yana tofarwa. Iliyasu bai taɓa ɗaga gilashi ya tofar ba. Idan la'asar ta yi, muryoyi sun dushe, leɓuna sun tsage, mutane na kwance a kan baburansu kamar shanyar wanki, shi kuwa muryarsa garau take fitowa daga cikin hula idan ya kira fasinja. Na ukun shi ya fi muni. Kullum bayan la'asar sai ya zame ya zaga bayan katangar kasuwa.

Wata rana ya dawo daga zagayen ya tarar Munir ya haye masa babur ya zauna.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah," in ji Munir. "Mu nan tun azahar mun bushe kamar kilishi, ko hawaye babu. Mijin Yaya kuwa har yana da na zubarwa a gindin katanga. Filib, rijiya ce a cikinka?"

"Sahur nake yi na mutane. Ba irin naka ba, shayi da barci."

"Sahur ɗin ne ke kaiwa har la'asar? A koya mana mana!"

Aka fashe da dariya. Amma wani dattijon ɗan tasha, Zaharaddin, bai yi ba. Ya juyo a hankali ya kalli Iliyasu, sannan ya kalli na kusa da shi. Ta cikin baƙin gilashi Iliyasu ya ga kallon. Shi ne dai, bai tsufa ba.

Munir ya miƙe ya ƙwanƙwasa hular da ɗan yatsa, ƙwas-ƙwas. "Salamu alaikum, masu gida. Wa ke ciki ne? Iliyasu ko Filib? A buɗe mu gaisa." Ya kai hannu ƙarƙashin haɓa yana lalubar maɗauri. Yatsansa ya wuce ta gefen robar, saura ƙiris.

Wata mata mai buhun albasa ce ta cece shi, ta ce a kai ta Yelwa. Bai ko yi ciniki ba ya ɗauke ta.

Daga ranar ya daina zagayawa bayan katanga. Don kada ya zaga, ya rage sha. Saudatu ta riƙa kwance ledar da magariba tana ganin rabi, daga baya fiye da rabi. Sukan kwiɓin ya dawo. Da dare yakan juya mata baya ya cije filo, yana zaton ba ta ji.

"So kake ka mayar da ni bazawara saboda bakin Munir?" ta ce.

"Wasa yake yi."

"To wa kake tsoro?"

Ya sake juya mata baya.

Ana cikin goman tsakiya saƙo ya zo daga Alhaji Wada. Yana son Iliyasu ya kai shi Figil gobe, zai duba wasu shanu a wurin wani dillali. Kuma a fita tun kafin alfijir ya keto.

Iliyasu ya ji sanyi ya ratsa shi duk da zafin garin. Tun da ya auri Saudatu, surukinsa bai taɓa hawa bayansa ba. Ba a yi. Suruki da mijin 'ya ba sa haɗa kwano, ba sa haɗa tabarma, balle su manne a kan babur ɗaya tsawon hanyar Figil. Ga Munir ɗan cikinsa, ga motocin haya na tashi kullum. Me ya sa shi? Amsa ɗaya ya samu: magana ta kai gida. Tsohon yana son ya gani da idonsa.

Kuma tsoho idan ya hau babur, ƙugu yake riƙewa. Hannunsa zai sauka daidai inda ledar take, mai sanyi, mai motsi.

Da asuba Saudatu ta cika ledar har wuya, ta ɗaure masa, fuskarta da wani sauƙi da ya kwana biyu bai gani ba. Ya yi mata sallama. Yana fita ƙofar gida ya tsuguna a gindin katanga, ya buɗe ledar, ya matse ta har ta lafe a cikinsa kamar fata. Ƙasa ta shanye ruwan nan take, ko alama ba ta bari ba.

Suka wuce Pitowa gari na wayewa. Alhaji Wada ya riƙe ƙugunsa da hannu biyu. Da hantsi suka shiga Figil, inda farar ƙurar siminti ta lulluɓe ganyaye da rufin gidaje, har awaki sun yi furfura. Dillalin ya fito da shanu. Iliyasu na tsaye a rana cikin hularsa yana kallo. Tsohon ya dafa tozon ɗaya, ya leƙa bakin wani, ya yi tayin da ko mahaukaci ba zai sallama ba, ya ce a bari sai bayan salla. Mutumin da bai taɓa yin tafiyar banza ba a rayuwarsa. Ba shanu suka kawo shi ba, Iliyasu ya tabbata.

Suka juyo rana na tsaka. Iskar da ke bugun su kamar daga bakin tanda take fitowa. Cikin hular, numfashinsa ne ke dawo masa da zafi. Sau biyu leɓensa ya kai kan robar da kansa, ya zuƙo iska mai ɗumi da warin roba.

Alhaji Wada ya taɓa kafaɗarsa. "Tsaya a tsamiyar can."

Suka sauka. Tsohon ya buɗe jakarsa ya fito da gorar ruwa, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, an ɗaure da igiya.

"Mun bar gari kafin alfijir," ya ce, yana kallon hanya, ba Iliyasu ba. "Tafiyar kuma ta kai a yi ƙasaru. Na tambayi Malam Abdulhalim. Yau mu matafiya ne, ni da kai. Babu azumi a kanmu."

Ya juya baya ya sha. Iliyasu ya kawar da kai da sauri, don bai taɓa ganin surukinsa na haɗiyar wani abu ba, amma kunnensa ya ji, maƙwat, maƙwat. Tsohon ya rufe gorar, ya ajiye ta a kan kujerar babur, a tsakiya, inda ba za a ce ba a gani ba.

"Zan ɗan zaga," ya ce. Ya nufi wasu duwatsu can nesa, nesa fiye da yadda zagaye ke buƙata, har ya ɓace.

Iliyasu ya rage shi da gorar. Ya ɗauka. Sanyinta ya ratsa tafin hannunsa har gwiwar hannu. Ya ɗaga gilashin hular, karo na farko da rana tun shigowar wata. Ruwan ya tsaya daidai kan igiyar da aka ɗaure tsumman. Daidai. Mutumin da ke auna sa da ido, zai kasa gane an rage kurɓi uku? Ko kuma yana can bayan dutse ya zuba ido.

Ba Allah yake tsoro ba, wannan ya sani sarai. Allah ya sallame shi sau biyu a yinin nan, a matsayin majinyaci da matsayin matafiyi. Abin da yake gani shi ne bakin Alhaji Wada a zaure bayan tarawi, yana cewa a hankali, "Na miƙa masa, ya karɓa." Da yadda zauren zai yi tsit. Da kallon.

Ya mayar da gorar inda take, ya juya ta yadda ya same ta, ya sauke gilashi.

Da tsohon ya dawo, gorar ya fara duba. Fuskarsa ta faɗi. Iliyasu ya gani, ya ce a ransa, tarko bai kama ba.

"Ba ka sha ba."

"Alhamdu lillahi, Baba. Ban ji ƙishi ba."

Maganar da ke kan harshen Alhaji Wada ba ta faɗuwa tsakanin suruki da mijin 'ya. Yaya zai ce masa na san abin da ke cikin rigarka, na san kalar fitsarinka? Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Zafin ya yi yawa, ɗana."

"Da sauƙi, Baba."

"Cire hular mana ka sha iska."

"Ƙura, Baba."

Suka hau. Bayan wani ɗan lokaci Iliyasu ya lura zufa ta daina zubo masa, har ya ji daɗi, ya ɗauka jikinsa ya saba. Sai harshensa ya cika masa baki. Sai kwalta ta rabu biyu, kowace ta kama gabanta, ya rasa wadda zai bi. Wani sanyi ya taso masa daga ƙugu. Ya ji Baba na kiran sunansa daga nesa, kamar daga ƙasan dutsen garinsu, bai kuma gane da wane sunan ake kiransa ba. Abu na ƙarshe da ya yi da hankalinsa shi ne sakin mai. Babur ɗin ya gangara gefen hanya a hankali, ya kwanta cikin busassun karan auduga, ana hango Pitowa.

Alhaji Wada ya ja ƙafarsa da ta kuje ya rarrafo. Ya kwance maɗaurin ya zare hular. Fuskar da ke ciki ta yi toka-toka, leɓe ya manne da haƙori. Ga bakin roba a jikin soso, an ɗinke da koren zare, ɗinkin da ya sani. Ya bi robar da hannu har cikin riga, ya sami ledar a lafe, babu ko ɗigo.

"Kai, yaron nan," ya ce. "Kai, yaron nan."

Mutane sun taso daga rumfunan bakin hanya. Kafin su iso ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu ya yanke zaren, ya fizge robar da ledar ya tura cikin babbar rigarsa. Sannan ya ɗaga kan Iliyasu ya riƙa zuba masa ruwan gorar, yana bin gefen baki yana zubewa ƙasa.

"Azumi ne ya kayar da shi?" wani ya tambaya.

"Na ba shi ruwa," in ji tsohon. "Ya ƙi sha."

Wannan maganar ta riga su shiga Garwa.

Iliyasu bai mutu ba. Ƙodar ce ta mutu. Yanzu sau biyu a mako ake kwantar da shi kusa da injin wankin jini, robobi biyu a hannunsa, masu kauri fiye da wadda Saudatu ta ɗinka. Dokta Diane ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ajiye masa wani ɗan kofi, ta nuna masa iyakar abin da zai sha a yini, ta ce abin da ya wuce haka zai taru ne a huhunsa, tunda ba shi da hanyar fita. Ba azumi a kansa har abada, kuma ba ruwa.

Ranar da ya fara iya zama, Saudatu ta jawo kujera kusa da gadon.

"Ni na gaya wa Baba," ta ce. "Da na ga kana dawo da ledar a cike, na je na faɗa masa komai, ina kuka. Ba wasu shanu. Kwana ya yi yana tunanin yadda za ka sha ruwa a gabansa ba tare da ka ji kunya ba, daga nan shi da kansa zai tsaya a masallaci ya ce ba ka da lafiya, ya ga wanda zai buɗe baki. Don ka sha ya tafi, Baban Nazira. Don ka sha kawai."

Iliyasu ya kalli ɗan kofin da ke kan tebur. Ta jira ya yi kuka, ko ya zage ta, ko ya ce a kira masa Baba.

"A tasha me ake cewa?" ya tambaya.

A daidai lokacin aka yi sallama. Munir ne, da Zaharaddin a bayansa riƙe da hular kwanon, an goge ta tana ƙyalli. Munir ya cire takalmi tun daga ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa a gefen gadon idonsa jawur.

"Ka yafe mini, Malam Iliyasu," ya ce. "Wallahi wasa nake yi. Duk Garwa zancenka ake. An ce an miƙa maka ruwa a tsakiyar daji, halal ɗinka, ka ƙi karya azumi. Mu da aka haifa a ciki ba za mu iya ba."

"Ba za mu iya ba," in ji Zaharaddin, kansa a ƙasa.

Saudatu ta juya ta kalli mijinta. Leɓensa a tsage yake, har ya fara tsattsafo da jini saboda yadda ya ja shi. Murmushi yake yi, irin wanda ba ta taɓa gani a fuskarsa ba tun ranar aurensu, cikakke, mai kwanciyar hankali. Ta miƙa hannu ta janye ɗan kofin daga gefen tebur don kada ya faɗi.